Sharhi kan Bad News, wasan da ke ɗora ka a kujerar mai farfaganda don ka gane dabarunsa

Bad News wasa ne na intanet da ake buɗewa kai tsaye a waya ko a kwamfuta, ba sai an sauke manhaja ba, ba rajista, kuma kyauta ne. Wata ƙungiya ta ƙasar Holan mai suna DROG ce ta ƙirƙiro shi tare da masu bincike biyu na Jami'ar Cambridge, Sander van der Linden da Jon Roozenbeek, kuma zubinsa na Turanci ya fito a watan Fabrairun 2018. Yawancin darussan gane labaran ƙarya suna zaunar da mutum ne su nuna masa abin da miyagu ke yi. Wannan kuwa ce maka yake kai ne mugun, ga fili ga mai doki: ka tara mabiya, ka yaɗa ƙarya, ka kunna wuta tsakanin jama'a, mu ga iya gudun ruwanka. Cikin minti 15 zuwa 20 an gama.

Hukuncinmu a taƙaice shi ne wasan ya cancanci wannan lokacin, musamman ga malamai da masu horar da 'yan jarida da duk wanda ke kula da wani zauren sada zumunta. Yana koyar da dabaru shida masu hayaniya da kyau ƙwarai. Amma yana da rauni guda babba: yakan bar mutum da zargin komai, alhali abin da ake nema shi ne iya tantance ƙarya daga gaskiya. Sannan dabarun da suka fi ɓarna, waɗanda ba sa buƙatar ƙarya ko ɗaya, kusan bai taɓo su ba.

Yadda yake aiki

Allon ba shi da wani ado. Rubutu yana fitowa kamar hira, a ƙasa kuma akwai zaɓi biyu ko uku da za ka latsa. A gefe akwai ma'auni biyu: ɗaya yana ƙirga mabiyanka, ɗayan yana auna yadda mutane suka yarda da kai. A waɗannan ma'aunai biyu hikimar wasan take. Idan ka tsaya kan gaskiya da ladabi, mabiya ba sa ƙaruwa. Idan ka shararo ƙaryar da ko yaro ba zai yarda da ita ba, ma'aunin yarda ya rufto, kuma in ya kai ƙasa wasa ya ƙare. Dole ka nemo tsakiya, wato ƙaryar da ta isa ta motsa mutane amma ba ta kai ta ba su dariya ba. Duk wanda ya taɓa bin diddigin masu wannan sana'a ya san a nan suke zama, kuma wasan yana sa yatsanka ya ji haka tun kafin a yi maka bayani.

Akwai lambobin yabo shida, kowacce da dabararta.

Ta farko ita ce sojan gona. Ana ba ka damar buɗe asusu da sunan wani babba ko wata hukuma, sai dai an ɗan taɓa harafi ɗaya. A zubin farko akwai asusun shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, wanda aka musanya harafin m da n a sunansa, yana shelar yaƙi a kan Koriya ta Arewa. Akwai kuma na hukumar sararin samaniya ta NASA da aka ɗora wa harafinta ɗigo biyu, tana gargaɗin cewa wani dutse zai faɗo daga sama. Daga nan sai a ce ka daina zama mutum ɗaya mai ƙorafi, ka buɗe shafin labarai mai suna da take, ka naɗa kanka babban edita. Wannan mataki na biyu ya fi na farko muhimmanci, kuma masu wasa da yawa sukan wuce shi da sauri. Ido ba ya karanta suna harafi bayan harafi, siffar kalma yake ɗauka ya wuce, shi ya sa r da n a jere suke zama m, ƙaramin l kuma yake shigewa a matsayin babban I. Haka nan kwakwalwa ba ta tantance shafin labarai, tambari da kanun labari da kwanan wata take gani ta ce wannan jarida ce.

A nan ne kuma shekarun wasan suka fi bayyana. An gina shi a kan Twitter na 2018, lokacin da shuɗiyar alamar tantancewa ke nufin kamfanin ya tabbatar da mai asusun. A Nuwamban 2022 aka fara sayar da alamar a kan dala 8 a wata, kuma cikin 'yan kwanaki wani ya buɗe asusu da sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly, da alamarsa shuɗiya, ya sanar cewa insulin, maganin ciwon sukari, ya zama kyauta. Sai da kamfanin ya fito ya ƙaryata. Don haka wanda zai koyar da wannan darasi yau sai ya ƙara nasa: a duba ainihin sunan asusun da ke bayan alamar @, ba sunan da ke sama da manyan baƙaƙe ba, a duba ranar da aka buɗe shi, a gangara a ga abin da yake wallafawa watanni shida da suka wuce, sannan a je shafin hukumar na asali a ga ko sanarwar tana can. Idan kuma hoton allo aka turo maka, babu ɗaya daga cikin waɗannan da za ka iya dubawa, kuma sau da yawa dalilin turo shi a hoto ke nan.

Lamba ta biyu ita ce sosa zuciya. Ka zaɓi batu, ka haɗa hoto da ɗan rubutu, kuma wasan zai nuna maka ƙarara cewa kalmar tsoro ko ta fushi ta fi hujja jawo mabiya. Wannan ya yi daidai da bincike: wasu masana a Jami'ar New York sun duba saƙonnin Twitter sama da 500,000 a kan batutuwan siyasa masu zafi, suka wallafa a 2017 cewa kowace kalma mai haɗa ɗabi'a da motsin rai tana ƙara yaɗuwar saƙo da kusan kashi 20 cikin 100. Sashen gajere ne, ya isar da saƙonsa.

Ta uku, raba kan jama'a, ita ce ta fi kowacce kyawun tsari. Ba a ce ka ƙirƙiri labari daga babu ba. Ana nuna maka wani ƙaramin ƙorafi da wani mai mabiya ƙalilan ya wallafa, misali malalar sinadari daga wata masana'anta, ko zargin cin hanci a wani ƙaramin gari. Aikinka shi ne ka hura shi. Za ka iya ɗora laifin a kan manyan kamfanoni, ko ka ɗora shi a kan gwamnati, kuma abin lura shi ne ko wanne ka zaɓa sakamakon ɗaya ne: mabiya sun ƙaru, jama'a sun dare gida biyu. Sai ka sayi asusun bogi masu sarrafa kansu su yi ta maimaita maganarka har ta yi kama da muryar gari. Mai wasa yana fita daga wannan sashe da fahimtar da ba kasafai ake samunta a littafi ba, cewa mai wannan aiki sau da yawa ba shi da ɓangare, rabuwar ita ce hajarsa.

Wanda yake ganin an yi ƙari a nan sai ya tuna abin da ya faru a birnin Houston na jihar Texas ranar 21 ga Mayun 2016. Wani shafin Facebook mai suna Heart of Texas ya kira zanga-zangar adawa da Musulunci a gaban wata cibiyar Musulunci ta birnin. Wani shafin, United Muslims of America, ya kira gangamin kare cibiyar, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Mutane na gaske suka fito suka tsaya a ɓangarori biyu na titi suna yi wa juna ihu. A Nuwamban 2017 kwamitin leƙen asiri na Majalisar Dattawan Amurka ya bayyana cewa shafukan biyu duk wata cibiya ce a Rasha ke tafiyar da su, kuma tallan da aka yi wa taron bai wuce dala 200 ba. Malamin da ya haɗa wannan misali da sashen wasan ya gama rabin aikinsa.

Ta huɗu ita ce labarin maƙarƙashiya. Wasan yana barin ka ka fara da shirme tsantsa, sai mabiyanka su yi maka ca, ma'aunin yarda ya sauka. Sannan ya koya maka yadda ake yi: ka kama wani abu da yake akwai shi da gaske, kamar wata takardar Majalisar Ɗinkin Duniya da kusan ba wanda ya karanta, ka ɗora tambayoyi a kanta. Ba ka ce an yi kaza ba, tambaya kawai kake yi: me ya sa ba sa magana a kai, wa zai amfana, me suke ɓoyewa? Alamar da ya kamata a riƙe daga nan ita ce labarin da ba abin da zai iya ƙaryata shi. In an sami hujja, ta tabbatar. In ba a samu ba, an ɓoye ta ne. In masani ya musanta, da shi aka haɗa baki. Maƙarƙashiya ta gaske tana faruwa a duniya, kuma idan ta tonu takardu da shaidu da sunaye ne suke tona ta. Wasan bai tsaya ya bambance waɗannan biyu yadda ya kamata ba, kuma giɓi ne, domin mai sauraro mai kaifin basira zai ɗaga hannu ya ce ai an sha kama gwamnatoci da kamfanoni suna ɓoye gaskiya, kuma ya faɗi daidai.

Ta biyar ita ce ɓata suna. Wani mai binciken gaskiyar labarai ya tona asirinka, sai a ba ka zaɓi: ka nemi afuwa, ka yi shiru, ko ka rama. Afuwa tana jawo maka asara. Ramuwa kuwa, wato ka bar maganar da ya yi ka koma kan shi kansa da zargin da ka ƙirƙira, tana dawo maka da martabarka a idon mabiyanka. Tambayar da ke warware wannan dabara guda ɗaya ce: ko da duk abin da aka faɗa a kan mutumin gaskiya ne, an amsa abin da ya ce?

Ta ƙarshe, tsokana, tana tattara sauran biyar. Jirgin fasinja ya faɗi, kai kuma ka mai da makoki kasuwa: ka jefa shakku kan musabbabin haɗarin, ka yi sojan gona da sunan ɗan'uwan wani mamaci ko ka gyara hoto, ka saki rundunar asusun bogi, har manyan kafafen labarai su ɗauka, har hukuma ta fito tana kare kanta. Sashen yana da nauyi a zuciya, kuma da gangan aka yi shi haka. Darasinsa shi ne mai tsokana martaninka yake nema. Duk wanda ya yaɗa saƙon don ya la'ance shi ya taya shi aiki.

Me bincike ya nuna

Tushen wasan wani ra'ayi ne na masanin halayyar ɗan Adam William McGuire tun farkon shekarun 1960, wanda ya kwatanta da allurar rigakafi: a gargaɗi mutum cewa za a yi ƙoƙarin juya masa tunani, a ba shi raunanan samfurin hujjar da za a zo masa da ita, a bar shi ya rusa ta da kansa. McGuire ya gwada wannan ne a kan batutuwa ɗaiɗaiku. Sabon abin da masu Bad News suka kawo shi ne yin rigakafin a kan dabara maimakon batu, domin ƙarairayi ba sa ƙirguwa amma hanyoyin ƙulla su kaɗan ne.

Binciken farko ya fito a 2019, da mutane kusan 15,000 da suka amsa tambayoyi a cikin wasan kafin su fara da bayan sun gama. An ba su kanun labarai su auna sahihancinsu daga 1 zuwa 7. Bayan wasa, makin da suke bai wa na bogi ya ragu da kimanin kashi 21 cikin 100, na gaskiya kuwa kusan bai motsa ba. Wannan adadi ne ake ta yawo da shi a duk inda aka tallata wasan, don haka ya kamata a san abin da ke ƙarƙashinsa. Mutanen su suka kawo kansu, ba zaɓo su aka yi ba, kuma akasarinsu maza ne masu ilimi mai zurfi. Babu rukunin da bai yi wasan ba da za a kwatanta da shi. Sannan labaran gaskiyar da aka gwada guda biyu ne kacal, kuma irin waɗanda duniya duka ta sani ne a lokacin: batun katangar da Trump ke son ginawa a iyakar Meziko, da ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. Ba wanda zai fara shakkar waɗannan don ya yi wasan minti 15.

Waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun gyara wasu daga cikin waɗannan a gwaje-gwajen da suka biyo baya, inda suka sa wani rukuni ya buga Tetris, wasan jera tubala, a matsayin abin kwatance, kuma tasirin ya ci gaba da bayyana. Amma a 2023 masu bincike biyu na Jami'ar Southampton, Ariana Modirrousta-Galian da Philip Higham, suka sake nazarin bayanan gwaje-gwaje biyar da aka yi a kan Bad News da ɗan'uwansa Go Viral, da wata hanyar lissafi da ke raba abubuwa biyu: ƙwarewar tantancewa, da saurin cewa "ƙarya ne". Suka gano cewa abin da ya fi ƙaruwa shi ne na biyun. Wato mutane sun koma suna rage wa kowane labari maki, na bogi da na gaskiya. Muhawara a kan wannan ba ta ƙare ba, amma ga mai amfani da wasan gargaɗin a fili yake. Mutumin da ba ya yarda da komai bai tsira ba, domin akwai farfagandar da burinta ke nan tun asali: ta gajiyar da jama'a har su ce kowa maƙaryaci ne, su daina bin diddigi.

Akwai kuma batun daɗewa. Wani gwaji da aka wallafa a 2021 ya nuna tasirin yana nan har wata 3 idan ana yi wa mutane gwajin tuni lokaci zuwa lokaci, amma idan aka bar su haka, ya dusashe cikin kimanin wata 2. Zama ɗaya bai isa ba.

Abin da ya bari a baya

Tun 1937 wata cibiyar nazarin farfaganda a birnin New York ta fitar da jerin dabaru bakwai, kuma idan aka ɗora su a kan na wasan za a ga inda ramukan suke. Laƙaba wa abokin hamayya mummunan suna yana nan a wasan. Nuna cewa kowa ya bi, kai kaɗai ka rage, shi ma yana nan ta hanyar asusun bogi. Amma babu lulluɓe manufa da kalmomi masu daɗi marasa iyaka kamar 'yanci da ci gaba da martaba. Babu jingina kai da tuta ko alamar addini don a ari kwarjininsu. Babu shigar talaka, inda mai mulki ko mai kuɗi ke nuna shi ma ɗaya ne daga cikinku. Mafi girma duka, babu tsince-tsincen hujja, wato a jero gaskiya zalla amma a zaɓi wadda za a faɗa a binne sauran.

Wannan ta ƙarshen ita ce sana'ar ƙwararru. A ce laifuka sun ninka a wani yanki, a ƙi faɗin cewa daga 2 suka koma 4. A zana jadawali a fara shi daga 90 maimakon sifiri, ƙaramin bambanci ya zama tsauni. A zaɓi shekarar da ta fi kowacce muni a fara ƙirga daga ita don komai ya yi kama da nasara. A ɗauko hoto na gaske, na wani bala'i na gaske, daga wata ƙasa shekaru 8 da suka wuce, a bar mutane su ɗauka na jiya ne. Babu harafin da aka sauya, babu kalmar fushi, babu asusun bogi. Wanda Bad News kaɗai ya horar zai duba ya ga babu ko ɗaya daga cikin alamominsa shida, ya wuce da natsuwa. Wata takardar cikin gida ta kamfanin taba na Brown & Williamson ta 1969 ta faɗi abin a fili, cewa shakku shi ne hajarsu. Ba su buƙaci tabbatar da cewa taba ba ta da illa ba, ya ishe su a ci gaba da cewa masana ba su gama yarda ba.

Maimaici ma babu shi. Tun 1977 gwaje-gwaje ke nuna cewa maganar da mutum ya taɓa ji ta fi yi masa kama da gaskiya a karo na biyu, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna hakan na faruwa ko da mutumin ya san amsar daidai. Wasan minti 15 ba zai iya nuna abin da ke aiki a hankali cikin watanni ba, wannan uzuri ne, amma ko ambato ya kamata a yi.

Sai kuma nauyin da ya bai wa asusun bogi, wanda ya ɗan yi yawa. Binciken da masana na jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa a 2018 a kan labarai kusan 126,000 da suka yaɗu a Twitter daga 2006 zuwa 2017 ya nuna labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake yaɗawa da kashi 70 cikin 100, kuma da aka cire asusun bogi daga lissafin sakamakon bai canza ba. Mutane ne ke yi. Yawancin abin da ke rikita mutum ba daga baƙon asusu yake zuwa ba, daga wani na kusa yake zuwa, a zauren WhatsApp ko Telegram, sau da yawa a saƙon murya ko ɗan guntun bidiyo. Wasan kuwa kusan rubutu ne zalla, a dandalin da kowa ke ganin kowa, kuma misalansa na Amurka da Turai ne. An fassara shi zuwa harsuna da dama, ciki har da Jamusanci da Girkanci da harshen Poland, akwai kuma zubin yara 'yan firamare, amma barkwancinsa da sunayen da yake ambata suna buƙatar wanda ya san siyasar can.

Wasu kan tambaya ko ba koya wa mutane ƙarya ake yi ba. Wannan bai dame mu ba. Babu abin da ke cikin wasan da mai niyyar ɓarna bai riga ya sani ba, kuma bai nuna yadda ake samun kuɗi da shi ko yadda ake kafa rundunar asusun bogi a zahiri ba.

Yadda za a ci moriyarsa

Ga mai horar da rukuni, awa ɗaya da rabi ta isa, kuma tsarin ya fi wasan kansa muhimmanci. Kafin a buɗe shi, a shirya saƙonni 12: 6 na yaudara, 6 na gaskiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne zaɓo na gaskiyar da kowa ya sani. A nemo waɗanda gaskiya ne amma suna da ban mamaki, ko suna da zafi a rai, domin su ne za su tona ko mutum ya koyi tantancewa ko zargi kawai ya koya. A cikin na yaudarar kuma a sa aƙalla 2 da babu ƙarya a cikinsu, kamar jadawalin da aka yanke ko tsohon hoto. A raba su gida biyu daidai, 6 kafin wasa, 6 bayansa, kowa ya ba da maki daga 1 zuwa 7 ya kuma rubuta dalili a layi ɗaya. Kada a maimaita saƙonni iri ɗaya a zagaye na biyu, domin a lokacin tuna amsa ake aunawa.

A yi wasan bibbiyu a waya ɗaya. Mutum shi kaɗai yakan yi ta latsawa don ya ga ƙarshe, amma biyu sai sun yi gardama kafin kowane zaɓi, kuma a gardamar koyon yake. A ware minti 25 maimakon 15. Bayan kowace lamba a tsaya a tambayi rukunin su kawo misali ɗaya da suka gani da idonsu a makon nan, tare da sharaɗi guda: misalin ya fito daga ɓangaren da su kansu suke goyon baya. In ba a sa wannan sharaɗi ba, kowa zai fita da sabon makamin jifan abokin hamayya, ya ƙara tabbata cewa nasa ɓangaren tsarkakakke ne.

Wajen duba sakamako, a ware lissafi biyu. Idan makin na yaudara ya sauka, na gaskiya ya tsaya ko ya hau, an ci nasara. Idan duka biyun suka sauka tare, an samu matsalar da masu binciken Southampton suka bayyana, kuma maganinta shi ne a koyar da mataki na gaba, wanda wasan ba ya koyarwa: abin da za ka yi bayan ka ji shakku. Wani bincike na Jami'ar Stanford a 2017 ya kwatanta ƙwararrun masu tantance labarai da malaman tarihi da ɗaliban jami'a. Malaman da ɗaliban sukan zauna a shafin da aka ba su suna nazarin tambarinsa da salon rubutunsa, kuma shafukan da aka tsara da kyau sun yaudari da yawansu. Ƙwararrun kuwa cikin daƙiƙoƙi suke barin shafin, su buɗe wasu, su nemi abin da wasu majiyoyi ke cewa game da mai shafin. A sa kowa ya gwada haka a saƙo ɗaya: wa ya fara faɗa, yaushe, wa kuma ya ruwaito ba tare da kwafa daga na farkon ba. Hoto kuma a saka shi a Google Lens ko TinEye, manhajojin binciken hoto, a nemi mafi tsufan wurin da ya bayyana. Bayan mako 3 ko 4 a turo wa rukunin sababbin saƙonni 4 su auna, a sake bayan wata 2.

Wanda yake da lokacin wasa ɗaya kawai, zaɓinsa ya danganta da abin da yake nema. Go Viral, wanda ya fito a 2020 a kan ƙarairayin korona, minti 5 ne kuma dabaru 3 kawai ya ƙunsa. Harmony Square, shi ma na 2020, ya tsaya ne a kan raba kan jama'a lokacin zaɓe. Cranky Uncle na John Cook ya fi su duka zurfi a ɓangaren hujja: masanan bogi, karkataccen tunani, neman tabbacin da ba zai yiwu ba, tsince-tsincen hujja, da labarin maƙarƙashiya, kuma yana da tambayoyin maimaici masu yawa, abin da Bad News ya rasa. Ga ɗaliban sakandare da na jami'a da sababbin 'yan jarida, a fara da Bad News a zama na farko saboda ya fi kama hankali, a bi shi da Cranky Uncle a mako na biyu don cike ramin tsince-tsincen hujja. Ƙwararren mai tantance labarai ba zai sami sabon abu a ciki ba, sai dai hanyar bayyana wa wasu abin da ya riga ya sani.